Yadda Muka Mayar da Bitil ɗin Baba Motar Shiga Gona

Shekara 11 Bitil ɗin Baba, tsohuwar motarsa ƙirar Volkswagen, tana ajiye a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu a Ɗorayi. Tun da ya rasu, Allah ya jiƙansa, ba wanda ya sake tada ta. Tayoyi sun lotse sun nutse a ƙasa, kaji na fakewa a ƙarƙashinta da rana. 'Yan gwangwan sun yi sallama ya fi a ƙirga, kullum amsar Hajiya ɗaya ce: ba ta sayarwa ba ce.

Daminar 2023 ce ta sa na fara yi wa motar wani irin kallo. Gonarmu tana can bayan Panshekara, ta hanyar Madobi, kuma daga inda mutum zai sauka daga kwalta akwai tafiyar da ta kai kilomita 4. Rabin farko yashi ne mai cin taya, sauran kuma fadama ce da ke zama kunu da zarar Agusta ta kama. Sau uku ƙaramar motata ta kafe a wurin, na ukun sai da shanun huɗa suka jawo ta. Babur buhun taki biyu yake iya ɗauka, shi ma da addu'a. Hayar akori-kura kuwa, tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na shekarar ta yi tashin gwauron zabi, direbobin ma ba sa son shiga. Maganar sayen Hilux ban ma kawo ta a raina ba.

Wani dare ina kallon bidiyo a YouTube na ci karo da motocin da ake hawa tudun rairayi da su a Amurka. Wani mutum mai suna Bruce Meyers ne ya fito da shahararriyar cikinsu a Kalifoniya a 1964, ana ce mata Meyers Manx. Da aka nuna bayanta sai na tashi zaune, don injin da na gani shi ne wanda na taso ina riƙe wa Baba tocila yana duba shi. Ashe Bitil ce aka sauke wa bodi, aka rage mata tsawo, aka sa mata faffaɗan taya.

Da safe bayan na gaida Hajiya na kawo maganar a hankali. Ta yi shiru har na zaci na yi laifi.

"Yanka ta za ku yi ke nan?"

"Za a taɓa ta, Hajiya. Amma za ta tashi, kuma gonar Baba za ta riƙa zuwa."

"To ka je wurin bakanikensa. In shi ya ce ta yiwu, na yarda. Kada ka kai ta hannun yara."

Bakaniken nan dattijo ne, garejinsa na wajen Ƙofar Ruwa, shi ma Baba kowa ke ce masa. Ya koyi aiki ne lokacin da Bitil ta cika Kano, bayan kamfanin Volkswagen ya fara haɗa ta a Legas a 1975, kuma tamu tana cikin waɗannan, mai injin 1500. Na nuna masa bidiyon a waya. Ya kalla sau biyu, ya miƙo min, ya ce, "Ɗan Alhaji, waɗannan mutanen sun san motar." Daga nan ya shiga yi min karatu. Injin Bitil a baya yake, don haka mafi yawan nauyinta a kan tayoyin da ke tura ta yake, shi ya sa ba ta cika kafewa ba. Ba ta da lagireto, iska ke sanyaya ta, babu zancen tiyo ya fashe a daji. Ƙasanta a shafe yake kamar faranti, ba abin da ke reto da zai kama kututture. Sannan bodin da notuna aka ɗaure shi a kan farantin, in ka kwance ka ɗaga, abin da ya rage mota ce mai tafiya da kanta. Na tambaye shi ko Fijo 504 za ta fi, tunda ta fi ƙarfi kuma kayanta sun fi samuwa. Ya ce a yashi nauyi ne abokin gaba, duk abin da za mu iya saukewa mu sauke. Wannan maganar ita ta ja ragamar aikin har ƙarshe.

Mun jawo ta a watan Nuwamba, bayan an gama girbi, da asuba kafin hanya ta cika. Birkin baya ya kama gam, sai da aka yi ta bugun ganga da guduma kafin taya ta juya. A gareji Baba ya cire fulogi huɗun, ya ɗiga mai a kowane rami, ya ce a bar ta kwana uku. Ran na huɗu ya sa sifana a kan fulin injin ya danna. Ta motsa. Ya ɗago ya ce, "Da ranta."

Sauke bodi ya ci mana mako guda saboda tsatsa. Wasu notunan sun kwance da kananzir da haƙuri, wasu sai da aka sa musu wuta, biyu kuma suka karye aka haƙe su. Mu shida muka ɗaga shi muka ajiye a gefe. A nan ne na ji abin a ƙirjina, don kujerar baya da muke cunkusuwa a kai ran hawan Sallah tana nan, har da ƙonewar da ƙanwata ta yi mata da turaren wuta. Farantin ya fi yadda muka zata lafiya, in ban da ƙarƙashin batir, inda ruwan batir ya cinye ƙarfen ya zama kamar rariya. Wannan ciwon kusan duk tsohuwar Bitil tana da shi, tunda batirin a ƙarƙashin kujerar baya yake zama.

Sai yanka, wanda shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne abin da ba wanda zai gani in an gama.

Tsakanin tayar gaba da ta baya a Bitil santimita 240 ne. Masu Manx suna cire wajen santimita 36 daga bayan kujerun gaba, mu ma haka muka bi. Gajarta tana sa cikin mota ya daina dukan tudu in ana haurawa, ta kuma riƙa juyawa a ƙaramin wuri. Amma a tsakiyar farantin akwai wani doro mai kama da bututu da ya taso daga gaba har baya, shi ne ƙashin bayan motar, kuma cikinsa ba fanko ba ne. Sandar giya a ciki take, da layin fetur, da ƙananan bututan da wayar kuloci da ta totur da ta birkin hannu ke bi. Wanda ya ɗora giranda ya yanke kai-tsaye ya kashe motar. Baba ya sa aka fara buɗe taga a saman doron, ya leƙa da tocila, ya sa wa kowane bututu alama da alli. Akwai kuma lambar shasi da aka buga a kan doron, daidai ƙarƙashin kujerar baya. Ya zagaye ta da fenti ya ce ko kusa da ita kada wuta ta je, don ita ce shaidar motar a takarda.

Kafin a yanka, mun ɗora farantin a kan bulo da katako, muka daidaita shi da tiyon ruwa irin na magina har kusurwa huɗun suka zo ɗaya. Aka ja layi biyu. Na tsaya ina kallo mai walda ya bi layin farko, tartsatsi na tashi, kuma gaskiya ban iya kallon na biyun ba, fita na yi na tsaya a bakin titi. Da na dawo motar mahaifina ta rabu gida biyu, ga wani yanki a ƙasa.

Haɗawa ta fi yankan wuya nesa ba kusa ba. An turo rabin baya ya haɗu da na gaba, aka ɗan ɗiga walda wuri huɗu kawai, sai awo. Daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan daga ta gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama. In awon biyu bai zo ɗaya ba, motar za ta riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa, tana cin taya, kuma ba saitin da zai gyara ta. Na farko an sami bambancin milimita 9. Mai walda ya ce ai wannan ba komai ba ne. Baba bai ko amsa masa ba, ya ɗauki giranda ya kankare ɗigon da hannunsa. Sau huɗu muna haɗawa muna warwarewa, yini biyu cur, kafin zaren ya nuna abu ɗaya. Waldar ma ba a yi ta a jere ba. Kaɗan a dama, a koma hagu, a jira ya huce, saboda zafi na jan ƙarfe. Rashin wuta ya ƙara ja mana lokaci, don janareton garejin ba ya ɗaukar injin walda yadda ya kamata, kuma Baba ya hana a yi wa doron walda da wuta mai rawa. Wani lokaci sai bayan isha'i za a kira ni a ce an kawo, in hau babur in taho. Daga ƙarshe aka naɗe mahaɗin da faffaɗan ƙarfe ta ciki da waje, aka rage tsawon sandar giya da wayoyi, aka ja sabon layin fetur da na birki.

A kan kejin kariya ne na yi asarar kuɗi. Tunda babu bodi, dole a yi wa mazauna ƙarfen da zai tare su in mota ta kife. Na ba wani mai walda aikin, ba na garejin ba, saboda ya yi min sauƙi. Bayan kwana biyar ya kawo abu yana ƙyalli, an shafe shi da fenti. Baba ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya kankare fentin da wuƙa, sai ga farin bututun ruwa irin na famfo. A wurin lanƙwasa duk ya tsuke ya yi ƙwarya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na faɗa wa mutumin abin da kejin zai yi, ya kuma san rai ne a ciki. Bututun famfo ba a yi shi don ɗaukar duka ba, hayaƙin da yake fitarwa in ana masa walda ma cuta ne ga mai aikin. Muka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa da kanmu, layin masu ƙarfe, muka zaɓi baƙin bututu mai kaurin milimita 3. An lanƙwasa shi da injin lanƙwasa, ba da wuta ba. Baka ɗaya a bayan kujeru, ɗaya a gaba, sanduna biyu sun haɗa su ta sama, wata ta ratsa ta baya a karkace, biyu kuma sun gangara sun dafe kusa da inda ƙafar baya take. Kowace ƙafa ta kejin a kan farantin ƙarfe mai kauri ta zauna, ba a kan siririn daɓen ba. Kujeru biyu da bel ɗinsu daga wata motar da aka yi wa gunduwa-gunduwa muka samo su a nan kasuwar.

Wajen ɗaga ta sama ma na so in wuce gona da iri. Bitil irin tamu ba ta da sifirin irin na sauran motoci, sandunan ƙarfe ne da ke murɗuwa. Na baya suna da haƙora a kai biyun, 40 ta ciki, 44 ta waje, kuma da juya haƙoran ake ɗaga mota ko a sauke ta. Aiki ne mai haɗari, don ƙarfen da ke riƙe da sandar a ɗame yake, in ya kuɓuce zai iya karya ƙafa. Da jak da sarƙa aka sauke shi. Ni so nake a ɗaga ta sosai. Baba ya ce irin ƙafar bayan wannan motar, in ta yi sama da yawa tayoyin sai su shige ciki ta ƙasa, a kan kwana kuma ta nemi kifewa. Kaɗan ya ɗaga, sauran tsayin muka samo daga taya. A baya muka sa manya masu faɗi, na wili 15, a gaba muka bar sirara don sitiyari ya yi sauƙi. Tankin mai ya zauna a gaba inda yake tun asali, batir ma muka mayar da shi can cikin akwati, saboda gaban ya sami ɗan nauyin da zai kama ƙasa. Bayan kujeru aka yi ɗan dandamali da zai ɗauki buhu huɗu.

Injin bai ba mu wahala ba. An sa sabon ringi, aka wasa bawul, aka wanke kafireto, aka canja duk tiyon fetur, don tsohon tiyo a kusa da injin mai zafi yakan cinye Bitil da gobara. Abin kashe wuta na ɗaure a gefen kujera tun ran farko. Matatar iska ta asali, mai ɗan baƙin mai a ƙasanta da ke kama ƙura, wani yaron garejin ya so a jefar a sa ta zamani mai sheƙi. Baba ya nuna masa sararin sama, lokacin hunturu ne ko Dala ba a hangowa, ya ce a ƙasar nan wannan tsohuwar ita ce daidai. Azumi ya kama a watan Maris na 2024, aiki ya koma na safe kawai. Ana saura kwana kaɗan Sallah ta tashi, da bugu na uku. Ƙarar nan tata da ba ta kama da ta kowace mota ta cika garejin, masu shagunan kusa suka fito. Na kira Hajiya na kara mata wayar. Ba ta ce komai ba sai "Allah ya jiƙan mai ita."

Kuskure mafi girma nawa ne. Injin Bitil lulluɓe yake da gwangwanaye, kuma a hotunan da nake gani a intanet wasu sun cire na ƙasa injin ya fito fili. Wata rana Baba ya tafi ɗaurin aure, na sa yara suka cire su, har da wasu ƙanana da ke maƙale a ƙarƙashin silinda, ina ganin ai yanzu iska za ta fi samun sa ta ko'ina. Bayan Sallah muka ɗora ta a akori-kura muka kai ta wajen kogin Challawa don gwaji. Afrilu ne, zafin Kano na kaiwa 40. Minti 20 na farko ban taɓa jin daɗin tuƙi irinsa ba. Mun rage iskar tayoyin baya zuwa 15, ta riƙa bi ta kan yashin da ke haɗiye ƙafar mutum kamar a kan tabarma. Daga nan sai ƙarfinta ya fara raguwa, injin ya soma ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ga warin mai mai ƙuna. Baba, da ke kujerar gefe, ya daka min tsawa in kashe. Ya zagaya baya, ya durƙusa, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya cire?"

"Ni ne, Baba."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya bari ta huce, sannan ya nuna min da yatsa. Fankar da ke cikin babban murfin tana turo iska ƙasa, gwangwanayen nan su ke tilasta mata bi ta tsakanin haƙarƙarin silinda da kan injin. In babu su, iskar sai ta zube ta inda ta fi sauƙi, zafin salansa kuma ya dawo sama. Silinda ta 3 ita ta fi shan wuya, saboda a irin wannan injin na'urar sanyaya baƙin mai tana gabanta, iskar da ke isa gare ta ta riga ta ɗumama. Da mun ƙara minti kaɗan, bawul ɗinta zai iya tsinkewa ya faɗa kan fiston. Allah ya taƙaita. An sauke injin, aka sake ɗaure kan, aka mayar da kowane gwangwani mazauninsa, aka saita bawul a milimita 0.15 injin na sanyi. Mako uku da kuɗin da ban shirya ba suka tafi a kan wannan.

Tun daga ranar nake bin ƙa'idar da ya kafa min. Fanbel na ajiya da sifanarsa kullum suna cikin akwati, domin bel ɗin da ke juya dinamo shi ke juya fanka, in jar wuta ta kama a gaban direba tsayawa ake yi nan take. Baƙin mai lita biyu da rabi take sha, kuma da yake ba ta da matatar mai sai 'yar rariya, ina canja shi da wuri, ba na jiran ya yi kauri. Manyan tayoyin sun sa giya ta huɗu ta zama kusan ado, a ta biyu da ta uku take aikinta.

Ba na hawa kwalta da ita. Ba ta da gilashi, ba ta da ƙofa, ga A Daidaita Sahu da manyan motoci a titunan Kano, kuma siffarta ta riga ta bambanta da abin da ke cikin takardunta. A ƙauyen da ke bakin hanya take kwana, gidan wani abokin noman mahaifina, ƙarƙashin rumfar kara. In na zo da motata sai in ajiye, a sauke kaya a ɗora mata.

Ranar da ta fara aikin da aka yi ta dominsa, a watan Agusta ne, bayan ruwan kwana biyu. Buhun taki huɗu a baya, ni da ƙanina a gaba. Da muka iso fadamar, daidai inda shanu suka jawo ni a baya, na sa giya ta biyu na riƙe totur a wuri ɗaya kamar yadda Baba ya koya min, ban ƙara ba ban rage ba. Bayanta ya ɗan yi rawa, taɓo ya wanke mu har ka, ta fita ta ɗaya gefen. Sawu shida muka yi a ranar.

Bodin yana nan a garejin Baba, an jingine shi da bango an rufe da tamfol, don Hajiya ta ce shi ma ba na sayarwa ba ne. Abin da ya rage mana yanzu shi ne laka-gadi a kan tayoyin baya da rumfar tamfol a saman kejin, kuma Baba ya ce in kawo ta bayan girbi ya sake duba waldar doron.